Ƙyauren da Muka Yi da Baba

Ni ba kafinta ba ne. Malamin firamare ne ni, lissafi nake koyarwa a wani ƙauye gabas da Makoda, kuma kafin damunar bara ko ƙusa ban taɓa bugawa ta shiga daidai ba. Sunana Tasi'u, ni ne na tara a wurin Baba, kuma ni kaɗai na rage a gida. Wasu sun rasu, matan suna ɗakunansu, yayana Kamaruddeen yana Kano yana ba da shawara ta waya. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya iya jinya ta waya kamar Yaya Kamaruddeen ba.

Baba ya rikice ne a hankali. Da farko raka'a ce take ɓace masa, sai sunayen jikoki, sai nawa sunan. Wani lokaci ya ce mini Malam, wani lokaci ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ban zo duniya ba. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne jikinsa bai tsufa tare da kansa ba. Mutum ya haura tamanin amma in ya miƙi hanya sai na yi sassarfa nake cim masa. Kullum da safe sai ya saɓi fartanya ya ce zai je gandu, alhali gandun nan shekara goma sha ɗaya ke nan ba namu ba ne. Shi da kansa ya sayar wa Alhaji Khalilu shekarar da Inna ta yi jinyar ajali.

Da rani abin da sauƙi. Fili fetal, kana hango mutum tun daga nesa, duk wanda ya gamu da Baba, Malam Mati, ya san ya riƙo hannunsa ya kawo shi gida. Damuna ce matsala. A yankinmu babu taƙi ɗaya na ƙasa da ba a noma, gero har jikin katangar gida yake zuwa, hanyoyin tsakanin gonaki kuwa da ƙyar mutum biyu suke giftawa. In gero ya wuce kan mutum, ni da nake da hankalina ma nakan tsaya in yi tunanin ina ne gabas.

A watan bakwai ya shiga gonar Alhaji Khalilu ya tumɓuke kunya uku ta gyaɗar da ko ƙwaya ba ta fara ba, ya jera ta a rana tsaf yadda ake yi da kaka. Alhaji ya zo da kansa har zaure, ya gaishe ni, ya tambayi jikin Baba, ya ce ba komai, Baba ai uban kowa ne, kawai dai ya ga ya kamata in sani. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako biyu Baba ya ɓata tun hantsi. Matata Sauda tana tuƙa tuwo da goyo a baya, ta juya ta ga babu shi. Aka kira ni daga makaranta, muka bazu cikin gero muna kira, ni da maƙwabta, har azahar ta wuce, har la'asar. Sai dab da magariba wata bas ta tsaya a ƙofar gida, direba ya fito da shi da jini a kafaɗar riga. A titin Ɗambatta ya same shi, tsakiyar kwalta, yana tafe da fartanya kamar a kan kunya. Ya taka birki iya ƙarfinsa, madubi ne kawai ya doke shi. Direban nan ya faɗa mini maganganu a gaban mutane, ya ce in mun gaji da tsohon mu faɗa, kada mu ɗora wa wani alhakin ransa. Gaskiya ya faɗa.

Na kira Yaya Kamaruddeen. Ya yi salati, ya yi jaje, sannan ya ce a riƙa kulle shi a ɗaki in zan fita, ai kwaɗo ba wuya. Na ce ya zo ya kulle da hannunsa. Ya ce ni matsalata zafin rai. Na kashe wayar, na zauna ina kallon sashen Baba.

Sashensa a ƙuryar gida yake, katanga ta kewaye shi. Akwai ɗakinsa, da darbejiya, da randa, da bayan gida, da turken awaki biyu. Hanya ɗaya ce ta shiga, wata kafa mai faɗin da amalanken hannu zai wuce, ba a taɓa sa mata ƙyaure ba tun da aka gina gidan. Na ce a raina in na tsayar da ƙyauren katako a nan, mai tsaga-tsaga, zai ga sama, zai sha inuwa, zai hango mu muna kai-kawo a tsakar gida. Ai wannan ba kulle ba ne. Haka na yi ta gaya wa kaina har na yarda.

Ranar kasuwa na je Ɗambatta na sayo katako da azara biyu da ƙusa, na sa maƙeri ya ƙera mini ƙarafan da za a rataye ƙyauren da sakata mai kauri. Na ari zarto da guduma. Asabar da safe na baje kayan a bakin kafar, na ja tef, na yi zane da biro kamar ina gaban allo, na fara yanka. Katakon farko ya fita a karkace. Na biyu zarton ya maƙale, na ja da ƙarfi ya ɓantare gefe. Baba yana zaune a gindin darbejiya da kafaɗa a ɗaure, yana kallona.

"Kai, wa ya koya maka riƙe zarto?"

Na ɗago. Muryarsa ce ta da, wadda take sa mu miƙe tsaye muna yara. Ya taso ya karɓi zarton, ya taka katakon da ƙafa, ya ɗora babban yatsa a gefen haƙoran, ya ja sau uku a hankali kafin ya saki hannu. Yankan ya fita santal. Sannan ya tambaye ni me ake yi.

A nan na yi abin da na yi. Na ce ƙyaure ne saboda awaki, jar akuyar nan ta koyi tsinke igiya, ina tsoron ta fita ta yi wa mutane ɓarna. Ƙaryar ta fito daga bakina a shirye kamar na kwana ina haddarta.

Baba ya gyaɗa kai, ya ce na yi tunani. Ya ce duk wanda ya bar dabbarsa ta shiga shukar wani da damuna ba shi da mutunci, kuma tun daga kan kakansa ba a taɓa kai gidan nan gaban mai unguwa a kan ɓarna ba. A wurinmu haka abin yake: da an yi shuka kowa ya ɗaure dabbarsa, a yanko mata ciyawa a kawo mata har turke, ba ta sake taka waje sai an gama kwashe amfanin gona an yi shelar saki. Ya ce in ajiye tef ɗin nan nawa, ba ya gane karatunsa. Ya gwada kafar da hannunsa, kamu uku da taƙi ɗaya, ya karya karan dawa daidai tsawon ya miƙa mini. Ya ce, "Tasi'u, riƙe nan." Tun ƙaramar salla bai kira sunana ba.

Kwana huɗu muka yi muna aikin, na ɗauki izini a makaranta na ce jinya nake, kuma wannan karon ba ƙarya na yi ba. Shi ne ogan aiki, ni ne ɗan riƙe-riƙe. Ya sa na haƙa ramin azara da dagi har sai da hannuna ya shige zuwa kafaɗa. Ya hana ni sa siminti, ya ce siminti riƙe ruwa yake a gindin itace. Ya sa muka babbaka gindin azarar a wuta har ya yi baƙi, muka shafe shi da baƙin mai saboda gara, muka tsayar, muka cika ramin da tsakuwa da jar ƙasa yana daddanna ta da ƙotar gatari. Da na buga katakon tokara a gicciye ya sa na cire. Ya ce na juya shi, ƙafarsa a gindin azarar da ke ɗauke da ƙyauren take zama, kansa ya tafi sama wajen sakata, in ba haka ba kafin shekara ƙyaure zai sunkuya yana sharar ƙasa. Kowace ƙusa in ta ɓullo ta baya sai ya lanƙwasa ta ya nutsar da bakinta cikin katako. Tsakanin katako da katako yatsu uku ya bari, don kada ɗan akuya ya zura kai ya maƙale.

Yana aiki yana zagina, ni kuma daɗi kamar ya kashe ni. Ya ce hannuna kamar na mai jego. Ya ce an kai ni boko an dawo da ni ba hannu ba ƙafa. Sauda ta kawo mana fura, ya kira ta da sunanta, ya tambayi mahaifinta, har ya tuna a kasuwar da suka fara haɗuwa. Ta koma madafa tana share ido da gefen zane.

Sau ɗaya muka yi gardama, a kan tsawo. Ya yi alama daidai ƙirjinsa ya ce a yanke nan, babu akuyar da za ta tsallake wannan. Na ce a ƙara. Ya ce ɓarnar katako ce. Na ce jar nan ba a san ta ba ne, tsalle gare ta kamar barewa, a kai shi sama da kai. Ya dube ni, ya dubi akuyar tana kwance tana tuƙa, ya yi dariya har da tari, ya ce to, tunda kai ka sayo katakon. Sakata kuwa shi ya zaɓa mata wuri. Ya ce ta waje ake sa ta, can ƙasa da inda hannu zai iya zurowa ta sama, don dabba in ta daɗe a wuri tana koyon tura sakata da hanci. Shi ya riƙe ta, ni na buga.

A kwana huɗun nan ko sau ɗaya bai nemi fartanya ba. Ni kuma, wawan Allah, sai na fara sa rai. Na kira Yaya Kamaruddeen na ce Baba ya dawo, aiki ne ashe yake nema, zaman banza ne yake rikita shi. Ya ce ai shi dama ya faɗa. Yaushe ya faɗa, oho. Na shiga jan aikin don kada ya ƙare. Na sayo samfefa muka goge kowane katako har ya yi sumul. Muka shafa fenti kore, na ce bai kama ba, muka sake shafawa. Na rasa abin da zan ƙara. Ƙyaure ya tsaya cak, in ka tura shi da yatsa ɗaya sai ya tafi ba ƙara, ya dawo ya zauna a mazauninsa. Duk ƙauyen nan babu irinsa, kuma ba yabon kai nake ba don ba aikina ba ne.

Na nemo masa wasu ayyukan. Na kawo kujerar da ta karye, ya juya ta ya ajiye. Na ce mu gyara rumbu, ya dube ni kamar ina wani yare. Kwana biyu da gama fenti, na fito daga wanka na hango bayansa yana ficewa ta zaure da fartanya a kafaɗa. Na bi shi da gudu ba takalmi, na cim masa har ya kusa shiga gero. Ya ce, Malam lafiya? Ya ce sauri yake, yara suna jiransa a gandu.

Washegari Litinin. Na kai masa koko da ƙosai, na cika randa, na zuba wa awaki ciyawa, na kwashe gatari da gizagon da ke ɗakinsa na ɓoye a nawa. Na fito na ja ƙyauren na zura sakata. Da na san abin da zai biyo baya da na hau mashin na gudu a lokacin, amma na tsaya ɗaure littattafai. Sai ga shi ya fito da fartanya, ya tura ƙyauren, ya sake turawa. Ya leƙo ta tsaga. Cikin duk ranakun duniya, ran nan ne Allah ya sa ya tashi da hankalinsa garau.

"Tasi'u, ka rufe da ni a ciki."

Na ce na sani, Baba.

Ya waiwaya ya dubi awakin, duk biyun suna ɗaure a turke, igiyarsu lafiya lau. Ya ɗaga hannu ya dafa saman ƙyauren, can sama da hularsa.

"Shi ya sa ka ce a ƙara tsawo."

Na fara zuba bayani, titi, mota, gyaɗar Alhaji, na ce na ɗan lokaci ne, da an yi girbi fili ya buɗe zan buɗe masa ya je duk inda yake so. Ban san ko ya ji ba. Na so ya zage ni, na so ya tsine mini ma in ya ga dama. Bai yi ba. Ya jingine fartanyar a jikin katanga, ya koma gindin darbejiya ya zauna, ya juya mini baya. Na je makaranta na koyar da rabawa aji biyu, ban san me na rubuta a allo ba.

Makon farko, in ji Sauda, da na fita yake tasowa ya kama ƙyauren ya yi ta jijjigawa. Ba ya ihu, jijjigawa kawai, tun hantsi har rana ta take. Tana jin ƙarar daga madafa, ta toshe kunne ta kasa, ta ɗauki goyo ta shige ɗaki. Ƙyauren ko gezau. Da ni kaɗai na yi shi da tuni ya zube a kwana biyu, na sani. In na dawo nakan buɗe in riƙo hannunsa mu je masallaci, mu zauna a zaure ya ga mutane. Da farko yana bi na. Daga baya ya fara noƙewa, in na miƙa hannu ya ɓoye nasa a cikin riga.

Gari kuwa ya samu abin faɗa. Waɗanda suka taya ni neman sa a cikin gero, su ne dai suka ce Tasi'u ya turke ubansa tare da awaki. Mata suka riƙa shigowa gaishe da Sauda, idonsu na kan ƙuryar gida. Abokan Baba da suke zuwa hira suka ɗauke ƙafa, wani ya ce shi ba zai iya gaisawa da Malam Mati ta tsagar katako ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. To ni tawa zuciyar da dutse aka yi ta? Yaya Kamaruddeen ya zo sau ɗaya da lemo da burodi, ya tsaya ya ƙare wa ƙyauren kallo, ya ce fentin ya yi kyau, amma gaskiya abin ba tsari, mutane za su zage mu. Na ce motarsa tana waje, ga Baba, ga jakarsa, bismilla. Ya ce gidansa ba fili. Kafin la'asar ya kama hanya.

Jijjigar ta daina a mako na uku. Sauda ta ce alhamdu lillahi, ni ma na ce, kuma ban taɓa jin kunyar godiya irin ta ranar ba. Baba ya koma zama wuri ɗaya. Abinci sai a kai a ɗauko kusan yadda aka kai shi. Ya daina tambayar gandu, ya daina tambayar Inna, ya daina gyara mini karatu in ina biya wa yara a kusa da shi. Ƙafafun nan da nake sassarfa in bi, suka kumbura suka yi nauyi. Na kai shi asibiti aka ba da magani, aka ce a riƙa motsa shi. Babu mota da ta sake taɓa shi, babu wanda ya sake kawo ƙara. Abin da na nema na samu, ina kallonsa kullum ta tsakanin katako yana ƙarewa.

Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, aka karya dawa. Ni kaina na ƙagu fiye da kowa, kullum in na dawo daga makaranta sai na tsaya na duba gonar wa ta rage. Wata uku da ɗoriya, ran wata Alhamis da hantsi, aka yi shela cewa an gama kwashe amfani, kowa ya saki dabbarsa. Ban je makaranta ba. Na shiga na kwance awakin, na wangale ƙyauren har ya bugi katanga, na sa dutse na tare shi. Awakin suka fice a guje suna ture juna, ta zaure, sai fili. Na ɗauko fartanyarsa, na goge ta, na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baba, an yi saki. Taso mu je gandu."

Na riga na roƙi Alhaji Khalilu, ya ce Baba ya yi ta noma har ya gaji, babu abin da ya rage sai kara. Na ɗaga shi ya miƙe da ƙyar. Na ba shi fartanyar, ya riƙe ta kamar an ba shi ajiya. Na wuce gaba na fita, na tsaya a tsakar gida ina miƙa masa hannu. Ya tako a hankali, yana jan ƙafa, har bakin kafar. Daga nan ana hango ƙofar zaure a buɗe, da hasken fili a bayanta. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Sai ya sunkuya ya ajiye fartanyar. Ya ture dutsen da ƙafa, ya kama ƙyauren da hannu biyu ya jawo shi a hankali har ya zauna a mazauninsa, shi a ciki ni a waje. Ya leƙo ta tsaga, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, taimaka ka zura sakatar nan. Mai gidan ba ya so a fita."

Na ce Baba, kai ne mai gidan. Na ce ni ne Tasi'u. Na faɗa na sake faɗa, har Sauda ta fito ta tsaya a bayana. Bai saki katakon ba, yana ta waige-waige, yana cewa in yi sauri kada a zo a same shi a buɗe. Na ga tsoro ne sosai a idonsa, kuma ba zai bar wurin ba.

Na zura sakatar. Sai da ya ji ƙararta sannan ya koma ya zauna.